Kilim ɗin mota ya sake mutuwa bayan gyara: wa zai ɗauki asarar?

Malamin makaranta, Sabon Gari:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani saɓani da ya shiga tsakanina da mai gyaran kilim ɗin motata, wato na'urar sanyaya cikinta, kuma ba zan ambaci sunansa ko wurin garajinsa ba, domin adalci nake nema, ba tozarta shi ba. Motata Toyota Corolla ce ta hannu, ƙirar 2008. Da zafin Afrilu ya kankama a nan Damagaram sai kilim ɗin ya daina sanyi, na kai masa, ya ce gas ne ya ƙare, ya zuba na jika 15, sanyi ya dawo. Ba a jima ba sanyin ya sake ɗaukewa. Da na koma sai ya ce kwamfaresa, wato injin da ke tura gas ɗin, ita ce ta mutu, ya sa mini wata ta hannu a kan jika 70, ya ƙara gas na jika 15, ya karɓi jika 10 ladan aiki. Yanzu ga shi iska mai zafi take hurowa kamar ba a taɓa taɓa ta ba, kuma ya ce yoyon yana can cikin tukunyar sanyi da ke bayan tabulo, wato allon da ke gaban direba, sai an kwance gaban motar baki ɗaya, aikin zai ci jika 60. Na ce masa ba zan ƙara ko dala ba sai ya yi mini bayanin jika 110 da na riga na biya. Shi kuma ya ce kowane aiki da ya karɓi kuɗinsa ya yi shi a gabana. Shin ina da hakki a kansa, ko kuwa ni ne nake neman cin nasa?

Direban hanyar Kano:

Wa alaikumus salam Malam. Kana da hakki, kuma tun ranar farko aka cuce ka. Gas ɗin kilim ba isansi ba ne da mota take ƙonawa har ya ƙare. Yana zagayawa ne a cikin tiyo rufaffe, daga kwamfaresa zuwa ragar da ke gaban radiyeta, daga nan zuwa tukunyar sanyi, sannan ya komo inda ya fito. Idan aka duba aka tarar babu shi, to akwai inda ya bi ya fita, kuma duk wanda ya zuba sabo bai nemo wannan wurin ba, daidai yake da mai zuba ruwa a fasasshiyar randa. Mu da muke bin hanyar Matameye da Daura da fasinja a tsakiyar bazara mun san wannan, domin motar da ba ta da sanyi a watan Mayu fasinja yakan tsallake ta ya shiga ta bayanta. Ya mayar maka da kuɗin gas ɗin duka biyu, sannan a zauna maganar kwamfaresa.

Mai gyaran kilim, Zengo:

Ni wannan sana'ar nake yi, kuma ba ni ne wanda Malam yake magana a kansa ba, amma ina roƙon a saurari ɓangarenmu kafin a yanke hukunci. Abin da direba ya faɗa game da yoyo gaskiya ne. Sai dai ku tambayi kanku mutum nawa ne suke yarda su biya kuɗin bincike. Mai mota yakan zo da rana tsaka, iyalinsa na zaune a ciki, ya ce, "Zuba mini gas kawai, sauri nake yi." Idan ka ce masa ya bar motar ta kwana domin ka cika ta da iskar nitirojin, ka sa agogon awo, ka ga ko allurar za ta sauka kafin safiya, sannan ka bi kowace mahaɗa da ruwan kumfa, sai ya ce kana neman hanyar ƙara masa kuɗi ne, ya tada motarsa ya nufi garajin gaba, inda za a zuba masa ba tare da tambaya ba. Nitirojin kuɗi ne, wuni guda da mota za ta tare maka wuri kuɗi ne, yaran garaji kuma sai sun ci abinci.

Na biyu, yoyon tukunyar sanyi shi ne mafi wuyar ganewa a duk jikin kilim, domin ido ba ya kai wa gare ta sai an kwance tabulo. A motar da ta haura shekara 15 a kan titi, robobin mahaɗa sun bushe, tiyo ya tsufa, kuma yakan faru ka toshe yoyo ɗaya, ƙarfin gas ya dawo daidai, sai wani wuri mai rauni ya buɗe. Saboda haka ba duk komowar mota garaji ce take nuna ha'inci ba. Amma Malam, ina da tambayoyi uku. Ya sa agogon awo ya nuna maka abin da ya gani kafin ya ce kwamfaresa ta mutu? Ya zuƙe iskar da ke ciki kafin ya zuba gas? Kuma ina tsohuwar kwamfaresar take yanzu?

Malamin makaranta, Sabon Gari:

Na gode da wannan tambayar ɗan'uwa. A karo na farko ban nuna masa sauri ba, na ce masa ya duba abin da ke damun ta, shi ya ce gas ne. Ya sa agogon awo, amma bai yi mini bayanin komai ba. Ban ga wani injin zuƙe iska ba a duka lokutan biyu, ya dai haɗa tiyo da tukunyar gas, yana zubawa yana sa hannu a bakin iska har ya ce ya isa. Tsohuwar kwamfaresar kuwa tana wurinsa, bai ba ni ba.

Ma'aikacin na'urorin sanyi, Garin Malam:

Wannan amsar ta Malam ta fito da abubuwa da yawa, kuma ina so in yi bayani a tsanake, domin galibin rigimar da ake yi a garajojinmu daga nan take tasowa.

Kwamfaresa tana da nata mai, kuma wannan man ba ya zama wuri ɗaya, gas ne yake ɗaukar sa yana zagayawa da shi. Idan akwai yoyo, gas yana fita, wani ɓangare na man yana bin sa, shi ya sa sau da yawa za ka ga wurin da ke yoyo ya yi maiƙo ƙura ta manne masa. Kwamfaresar da aka bari tana aiki da ƙarancin gas da ƙarancin mai tana yin zafi har cikinta ya cinye. Ke nan idan da gaske kwamfaresar Malam ta mutu, akwai yiwuwar zuba gas ɗin farko ba tare da toshe yoyo ba yana cikin abin da ya kashe ta. Akwai kuma wata yiwuwar ta daban: motoci suna da wani makunni mai auna ƙarfin gas, wanda yake hana kwamfaresa kamawa idan gas ya yi ƙasa sosai, domin ya kare ta. Mai gyaran da bai natsu ba zai ga ba ta juyawa ya ce ta mutu, alhali lafiyarta lau. Haka nan fiyus, ko rile, ko maganaɗisun da ke kama bakinta, kowanne zai iya hana ta aiki, kuma gyaransu bai kai kusa da jika 70 ba. Wanne ne ya faru a cikin waɗannan? Amsar tana jikin tsohuwar kwamfaresar, shi ya sa nake ganin ita ce babbar shaida a wannan shari'a.

Akwai ma wata alama. Kwamfaresar da ta cinye daga ciki takan watsa garin ƙarfe cikin tiyo da ragar gaba, man ya koma baƙi. Wanda ya ga haka dole ya wanke layin, ya canza matatar da ke tsotse danshi, sau da yawa ma ya canza ragar gaban, domin ramukan ta motocin zamani ƙanana ne ƙwarai, ba sa wankuwa. Idan bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, to ko dai tsohuwar ba ta cinye ba, ko kuma ya ɗaura sabuwa a kan datti, kuma duka biyun ba su yi masa kyau ba.

Batun zuƙe iska kuwa wajibi ne a duk lokacin da aka buɗe layin. Iskar waje tana shiga da danshi, danshin yana iya daskarewa a ƙaramin bawul ɗin da ke gaban tukunyar sanyi ya toshe shi, kuma yana haɗuwa da mai ya zama abin da ke cin alminiyon daga ciki. Akan bar injin zuƙa yana aiki kamar rabin awa, a kashe shi, a jira a ga ko allura za ta motsa. Idan ta motsa, an gano akwai yoyo tun kafin a ɓarnatar da gas. Sannan gas da sikeli ake zuba shi. Akwai takarda liƙe a ƙarƙashin murfin inji da ke faɗin nau'in gas da nauyinsa, kuma yawancin ƙananan motoci tsakanin giram 400 ne zuwa 700. Tafin hannu ba ya auna wannan. Idan ya yi yawa, a ranar da zafi ya haura digiri 40, kuma ƙurar hunturu ta riga ta toshe ragar gaba, ƙarfin zai hau har kilim ya riƙa yankewa ko tiyo ya fashe.

Hajiya, ƴar kasuwa a Kasuwar Dole:

Na ƙaru da wannan bayanin, Allah ya saka da alheri. Ni dai ta fuskar ciniki zan yi magana. Tsadar kayan gyara ba laifin masu garaji ba ce su kaɗai. Da aka rufe iyakar Gaya da Malanville a 2023, kayan da a da suke shigowa ta Kwatano sai da suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuma wanda ya san nisan Damagaram daga can ya san abin da hakan ke nufi a farashi. Abin da ake sayowa daga Ƙofar Ruwa a Kano kuma yana bin canjin naira da sefa da kuɗin hanya. Don haka jika 70 a kan kwamfaresa ba shi ne abin da ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne an sayar wa Malam kaya ba tare da an nuna masa dalilin sayen ba, an kuma riƙe nasa. A kasuwa idan na canza wa mutum kaya, tsohon nasa ne sai in ya bar mini da bakinsa. Ni abin da nake yi, idan aka ce wani abu ya lalace a motata, ina aika ɗana ya sayo da kansa, in biya mai gyara ladan ɗaurawa kawai.

Mai gyaran kilim, Zengo:

Hajiya, maganar tsohon kaya na yarda da ita ɗari bisa ɗari, na mai mota ne. Amma dabarar sayo kaya da kanki tana da nata haɗari, kuma ita ma tana haddasa faɗa. Kwamfaresa ta hannu babu mai sanin cikinta sai an ɗaura an zuba gas. Idan ni na sayo ta wurin dilan da muka saba, ta ƙi aiki, ina iya mayar masa ya canza mini. Idan ɗanki ya sayo ta ƙi aiki, gas ya tafi, wunina ya tafi, wa zai biya ɗauri na biyu? A nan ne mai mota zai ce ni na lalata ta, ni kuma in ce matacciya ya kawo. Gara a bar mai gyara ya sayo, amma ya faɗi kuɗin kaya daban, ladansa daban, ya kuma faɗi kwana nawa ya ɗauki alhakinta.

Ɗalibin ilimi, Birni:

Ina so in ƙara abin da malamanmu na mazhabar Malikiyya suka karantar, domin wannan mas'ala ba sabuwa ba ce a fiƙihu, mota ce kawai sabuwa. Akwai bambanci tsakanin ijara da ji'ala. A ijara kana ɗaukar mutum ya yi maka aiki sananne a kan lada sananne, kamar ka ce ya kwance wannan ya ɗaura wancan. Idan ya yi aikin yadda masu sana'ar suka san shi, ya cancanci ladansa. A ji'ala kuwa kana cewa ne, "Idan ka dawo mini da sanyin motata zan ba ka kaza," kuma ba ya cancantar komai sai sanyin ya samu. Abin da nake gani a nan shi ne Malam ya shiga garajin da niyyar ji'ala a zuciyarsa, mai gyara kuma ya karɓe shi da niyyar ijara, kuma babu wanda ya furta tasa. Kowannensu yana jin yana da gaskiya saboda ba ciniki ɗaya suka ƙulla ba.

Sai dai ko a ijara ɗin ma, ba a sallami mai sana'a haka kawai ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta bayyana cewa masu sana'a suna lamuntar abin da aka bar musu a hannu, ko da lada suka yi aikin ko babu lada. Kuma wanda ya saɓa wa ƙa'idar sana'arsa har aka yi asara, asarar tana kansa. Wanda zai faɗi ko an saɓa ƙa'ida kuwa su ne masanan sana'ar, kamar waɗannan ƴan'uwa biyu da suka yi bayani.

Mai gyaran kilim, Zengo:

Allah ya gafarta Malam, na fahimta, amma babu mai gyaran da ya san abin da yake yi da zai karɓi ji'ala a kan tsohuwar mota da farashi ɗaya tun daga farko, sai dai in ya ƙudurta ninka kuɗin domin ya kare kansa, kuma wannan ma cutar mai mota ce. Abin da zai yiwu shi ne a raba aikin gida biyu. A biya ladan bincike shi kaɗai, ko an yi gyaran ko ba a yi ba, sannan mai gyara ya rubuta abin da ya gano da kuɗin kowane abu, mai mota ya yarda ko ya tafi da takardarsa wani garajin. Ni da kaina na fi son haka, domin ya fi mini sauƙi in yi aiki da mutumin da ya san abin da zai biya.

Dattijo, tsohon direban babbar mota:

Ƴaƴana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Malam, shawarata ita ce kada ka kai wannan magana komisariya tukuna. Ba ka da takarda, ba ka da shaida, kuma ko ka ci nasara motarka tana nan babu sanyi, gaba kuma ta shiga tsakaninku a gari ɗaya da za ku haɗu a jana'iza da ɗaurin aure. Kowane mai gyara yana da ubangidan da ya koya masa aiki, kuma kowane rukunin garaji yana da babba da ake jin maganarsa. Ka nemi wannan babban, ka tafi da mutum ɗaya da ya san kilim, a zauna. A ganina gas ɗin farko ka bar shi, ka ji sanyinsa ko da na ɗan lokaci ne. Gas na biyu da ladan ɗauri su koma cikin aikin da ya rage. Kwamfaresa kuwa a fito da tsohuwar a gwada ta a gaban kowa.

Direban hanyar Kano:

Baba, ina girmama maganarka, kuma na yarda a fara da sulhu. Inda ban gamsu ba shi ne barin gas ɗin farko. Malam ya ce bai nuna sauri ba, cewa ya yi a duba. Wanda aka ce ya duba kuma bai duba ba, daga nan duk sauran asarar ta samo tushe. Idan kullum sulhunmu shi ne a raba asara biyu domin a zauna lafiya, mai zuba gas da tafin hannu ba zai taɓa sayen sikeli ba, domin rabin kuskurensa wani ne yake biya.

Dattijo, tsohon direban babbar mota:

Maganarka tana da nauyi ɗana. Amma wanda aka ƙure shi a gaban yaransa a kan jika 15 zai taurare a kan jika 70 ɗin, ita ce kuwa babbar. Ka bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa.

Malamin makaranta, Sabon Gari:

Na bi shawarar Baba, mun zauna da ubangidansa da wani ɗan'uwa da ya san aikin. Da aka nemi tsohuwar kwamfaresar sai ya ce ba ta nan, ya canza mata maganaɗisun baki ya ɗaura wa wata motar. Ubangidan nasa da kansa ya ce ashe ke nan ba ta mutu ba. An yanke cewa zan riƙe wadda ke jikin motar, zai cire jika 45 daga abin da na biya a matsayin kuɗin tawa da ya sayar da gas na biyu, a zuba su cikin aikin tukunyar sanyi, in cika jika 15. An kuma sharɗanta cewa za a gwada layin da nitirojin kafin a taɓa tabulo, idan an ciro tukunyar a nuna mini inda take yoyo, a canza matatar danshi, a zuƙe iska, a zuba gas da sikeli, kuma ya ɗauki alhakin aikin na wata uku. An rubuta, mun sa hannu. Gas ɗin farko na bar shi.

Hajiya, ƴar kasuwa a Kasuwar Dole:

Madalla, Allah ya kiyaye gaba. Ina da tambaya ga ɗan'uwa na Garin Malam. Ƙanena ya shigo da mota ƙirar 2018 daga Turai, kuma an ce masa bakin zuba gas ɗinta bai dace da tiyon garaji ba, wani ya ce zai yi mata dabara ya zuba irin wanda ake zuba wa kowa. Ya kamata ya yarda?

Ma'aikacin na'urorin sanyi, Garin Malam:

Hajiya, kada ya yarda a zuba komai sai an karanta takardar da ke ƙarƙashin murfin inji. Tsofaffin motoci gas mai suna R12 suke amfani da shi, aka daina shi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya, aka koma R134a a shekarun 1990, shi ne ke cikin mafi yawan motocin da ke yawo a Damagaram. Daga 2017 kuma Tarayyar Turai ta hana sa R134a a sababbin ƙananan motoci, mafi yawansu suka koma R1234yf. Da gangan aka bambanta bakin zubawar domin kada a gauraya su, kuma R1234yf ya fi tsada sosai, yana kuma iya kama wuta, don haka yana buƙatar mai gyaran da ya san shi. Idan motar tana sanyi yanzu, kada a taɓa ta. Idan ta rage, a fara da wanke ragar gaba, a duba fanka da matatar iskar cikin mota, domin ƙurarmu takan rage sanyi alhali gas yana nan cike. Idan an tabbatar yoyo ne, a toshe shi tukuna, sannan a nemo gas ɗin da takardar ta ambata a cikin tukunyarsa mai hatimi, ya gan ta da idonsa. Ya guji gas maras suna da ake sayarwa da araha, domin akwai masu zuba R22 na kilim ɗin ɗaki, wanda ƙarfinsa ya wuce abin da tiyon mota zai ɗauka, akwai kuma masu gauraya gas ɗin girki, wanda idan ya yi yoyo a cikin mota tartsatsi ɗaya ya isa ya tada gobara.